Yadda ake auna ingancin wuƙar Buck 110, tsohuwa ko sabuwa

Tun da na faɗi cewa masu tara wuƙaƙe da dama suna ganin Buck 110, wuƙa mai ninkewa ta kamfanin Buck na Amurka, ta yanzu ta fi ta shekaru talatin baya iya yanka, tambayoyi suka ƙi ƙarewa. Wani ya gaji guda daga mahaifinsa da ya yi karatu a Amurka, wani ya tsince ta cikin kayan gwanjo, wani kuma so yake ɗan'uwansa ya taho masa da sabuwa kafin Babbar Sallah. Kowa so yake ya san ko tasa tana cikin masu kyau.

Sunan kamfani ba ya amsa wannan, haka ma maganar nan ta "kayan da sun fi ƙarko". Ita 110 tun 1964 ake ƙera ta, kuma a tsawon wannan lokaci an canza mata ƙarfe, an canza icen ƙota, an canza yadda ake fitar da kaifinta, har masana'antar ma ta tashi daga wannan jiha zuwa waccan. Saboda haka wuƙar da ke hannunka ita za ka duba, kuma ka bi matakan nan a jere. Abin da yake aibi a wuƙar 2020 zai iya zama daidai a wuƙar 1978.

Ka tanadi tocila mai haske sosai, tsumma mai laushi, tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace, man keken ɗinki, baƙar maka ta rubutu, takardar jarida, ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke. In da hali a samu ƙaramin sikeli mai auna giram da rula. Dutsen washi mai fuska biyu shi kaɗai ne zai ci kuɗi a cikinsu, sauran duk akwai su a gida. Gilashin ƙara girma ba dole ba ne, kyamarar waya ta isa.

1. Wanke ta tukuna

Buɗe wuƙar, ka sa tsinken sakace ka tono dattin da ke cikin ramin da ruwanta yake kwanciya. Ka fi mai da hankali kan ɗan gurbin da ke gindin ruwan, inda makullin da ke riƙe ruwan a buɗe yake faɗawa. Zaren aljihu, busasshen kitse da ƙura suna taruwa a wurin, su hana makulli zama. Wuƙaƙe da yawa da ake cewa makullinsu ya mutu datti ne kawai ya cika su. Goge da buroshi da ruwan sabulu, ɗauraye, ka busar sosai, sannan ka ɗiga mai digo ɗaya a kowane gefen mahaɗa, ka buɗe ka rufe har sai baƙin ruwan da ke fitowa ya daina.

Gargaɗi: kada ka jiƙa ta a kwano ka tafi. Icen ƙota yana shan ruwa ya kumbura, in ya bushe ya ja baya ya bar giɓi. Kuma in tsohuwa ce, kada ka goge tagullar da ke jikin ƙotar tukuna sai ka karanta mataki na 9.

2. Karanta hatimin shekara

Nan ne aikin yake. A gindin ruwan wuƙar, dab da ƙota, akwai rubutu da aka buga. Ɗauki hotonsa da waya ka ƙara girma.

Na farko-farko BUCK kaɗai aka rubuta musu. A 1967 aka ƙara U.S.A., sannan wajen 1972 aka fara sa lambar 110 ta zama layi uku. Daga nan sai zamanin ɗigo, wanda masu tara wuƙaƙe suke kiran wuƙa da shi kamar suna: ɗigo ɗaya a kowane gefen lambar 110, wato mai ɗigo biyu, daga 1974 zuwa 1980. Mai ɗigo uku daga 1980 zuwa 1981, shi ya sa ba ta da yawa kuma ake rububinta. Mai ɗigo huɗu, biyu nan biyu can, daga 1981 zuwa 1986.

Daga 1986 kamfanin ya koma sa alama guda kusa da lambar, kowace shekara da tata. Ga na shekaru goman farko: < 1986, > 1987, ^ 1988, V 1989, X 1990, + 1991, - 1992, / 1993, \ 1994, C 1995. A 2002, shekarar da kamfanin ya cika ɗari tun lokacin da Hoyt Buck ya ƙera wuƙarsa ta farko a 1902, alamar ƙaramin hoton uwar maƙera ce. A 2005 kuma taswirar jihar Idaho ce, domin a shekarar ne suka bar El Cajon ta Kalifoniya suka koma Post Falls. Sauran shekarun kamfanin da kansa ya wallafa jadawalinsu, ka gwada alamarka da shi.

Kuskuren da aka fi yi a nan guda biyu ne. Na ɗaya, a riƙe wuƙar a juye, sai < ta zama >, ko ^ ta zama V. Ka juya ta har sai kalmar BUCK ta karantu daidai, sannan ka dubi alamar. Na biyu, a manta cewa hatimin shekarar ruwan wuƙa yake faɗa, ba shekarar ƙota ba. Kamfanin yana canza wa mutane ruwan da ya karye, don haka za ka iya samun tsohuwar ƙota da sabon ruwa. Irin wannan tana aiki lafiya lau, amma a wajen mai tarawa darajarta ta sauka, kada a sayar maka da ita a kuɗin tsohuwa cikakkiya.

3. Tabbatar ba jabu ba ce

Babu wuƙa mai ninkewa da aka kwaikwaya kamar wannan, har ta kai a Amurka duk wuƙa mai wannan fasali ana ce mata Buck ko da wa ya ƙera ta. Ɗora ta a sikeli. Ta ainihi mai tagulla da ice tana da nauyin giram 204 ko kusa da haka. Tsawon ruwanta santimita 9.5, in an rufe ta kuma wajen santimita 12.4. In ta gaza da yawa, ko dai jabu ce, ko ƙanwarta ce 112 wadda aka fitar a 1972, ko kuma 110 LT mai ƙotar roba, wadda ita ma ta kamfanin ce amma ba ita muke magana a kai ba.

Buck yana da wasu samfura da ake yi masa a Sin, amma 110 a Amurka ake ƙera ta. In ka ga 110 da sunan wata ƙasa a gindinta, ajiye ta. Dubi tagullar kuma: ta ainihi tagulla ce har ciki, in ta ƙuje launi ɗaya za ka gani. Ta jabu sau da yawa ruwan tagulla aka shafa wa farin ƙarfe, gefunan da suka goge suna nuna fari.

4. Daga shekara ka gane ƙarfe

Yawancin 110 ba a rubuta musu sunan ƙarfe, shekarar ce za ta gaya maka. Kafin 1981 ana amfani da 440C. Daga 1981 aka koma 425M, wanda ya zo daidai da zamanin ɗigo huɗu. A farkon shekarun 1990 aka koma 420HC, kuma shi ne har yau a kan 110 ta gama-gari. Masu tsada irin na S30V ana rubuta sunan ƙarfensu a jiki.

A takarda, wannan kamar ci baya ne. 440C yana da sinadarin kabon wajen kashi 1 cikin ɗari, 420HC kuwa bai kai rabin haka ba, kuma da wannan hujjar masoya tsofaffi suke kafa gardama. To amma ƙarfe ba sinadari kaɗai ba ne, har da yadda aka gasa shi aka sanyaya shi. Buck ya daɗe yana bin tsarin Paul Bos, gwanin wannan fanni, wanda za ka ga sunansa BOS da ɗan harshen wuta a jikin wasu wuƙaƙen. Da wannan tsari 420HC ɗinsu yake kai taurin 58 a ma'aunin Rockwell, inda kamfanoni da yawa masu amfani da ƙarfe iri ɗaya suke tsayawa ƙasa da haka. Ba ya saurin tsatsa, ba ya saurin ɓantarewa, kuma dutse na gama-gari yana wasa shi cikin 'yan mintuna. Tsohon 440C kuwa yana daɗewa da kaifi, amma ran da ya dakushe sai ka yi gumi.

Ni a ganina, mai fiɗa da yankan nama ya fi morar sabon. Mai ajiya a akwati shi ne ya kamata ya bi tsohon.

5. Gwada makulli da girgiɗi

Buɗe ta a hankali da hannu biyu har ka ji ƙarar "ƙwas". Sautin ya zama guda ɗaya, tsaf. Riƙe ƙotar da hannu ɗaya, yatsunka duk a gefe, ka kama bayan ruwan da tsumma ka motsa shi hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Ɗan motsin hagu da dama a tsohuwar wuƙa ba abin tashin hankali ba ne, ƙusar mahaɗa ce ta ɗan saki. Motsin sama da ƙasa shi ne abin tsoro, domin yana nuna bakin makulli ko gurbinsa ya cinye.

Sai ka dubi bayan wuƙar tana buɗe. Sandar makulli ya kamata ta kwanta daidai da tagullar gefenta. In ta ɗago sama, ba ta shiga gurbinta duka ba. Koma mataki na 1 ka sake tono gurbin, in ba ta sauka ba, wannan wuƙar ba ta aiki ba ce sai an gyara.

Gargaɗi: kada ka buga bayan ruwan a kan teburi don gwada makulli, kamar yadda wasu suke yi a bidiyo. Yana lalata gurbin, kuma in makullin ya saki yatsunka ne a hanya. Danna bayan ruwan a hankali a kan katako ya wadatar. Wajen rufewa ma, danna makullin da babban yatsa, ka raka ruwan da ɗaya hannun har ya kwanta. In ka sake shi ya faɗa da ƙarfin sifirin, kaifin zai iya bugun ciki ya yi tabo.

6. Haska haɗin ƙota

Rufe wuƙar, ka shiga wuri mai duhu, ka haska tocila ta cikin ramin ka duba ta baya. Siririn haske kamar zare tsakanin sandar makulli da tagulla ba komai ba ne, dole a bar mata wurin motsi. Giɓin da farce zai shiga shi ne aibi. Shafa yatsa daga tagulla zuwa ice: bai kamata ka ji tudu ba. Kan ƙusoshin ma su kwanta, kada su kama tsumma. Dubi tsinin daga gaba, ya zauna a tsakiyar rami, kada ya goga gefe ɗaya. Kuma tsinin ya nutse ciki gaba ɗaya. In ya leƙo waje, an wasa wuƙar har ta cinye, kuma ita ce mai yaga aljihu da yatsa.

A nan ma shekara tana da magana. Masu ɗigo biyu gefunan ƙotarsu masu kusurwa ne, kamar bulo. A farkon shekarun 1980 aka fara zagaye gefunan, riƙon ya fi daɗi nesa ba kusa ba, kuma wannan yana cikin gyare-gyaren da kusan kowa ya yarda ci gaba ne. Kada ka ga kusurwa a wuƙar 1977 ka ce aiki ne mara kyau.

Icen kuma ya bi nasa zagayen. Tsofaffin da icen ebonin Macassar aka yi su. A shekarun 1990 aka koma wani katako da ake mannawa falle-falle a cika shi da gam, wanda yake jure ruwa amma ba shi da kwarjinin ice na gaske, za ka gane shi da layuka-layukan da ke gefensa. A 2019 aka dawo da eboni na ainihi, daga masana'antar Crelicam da ke Yawunde a Kamaru, wadda kamfanin gita na Taylor yake da hannun jari a ciki. Icen dangin kanyarmu ne. Yana zuwa wani baƙi wuluk, wani da jirwayen ruwan ƙasa, kuma jirwayen ba aibi ba ne. Wannan dawowar ita ce ta sa masu tarawa da suka juya wa sababbi baya suka sake waiwayowa.

7. Gwajin kaifi

Riƙe takardar jarida a iska ka ja wuƙar daga gindi zuwa tsini. Inda ta tsaya ko ta yaga, ka sa alama da maka. Sannan ka juya kaifin sama ƙarƙashin tocila. Kaifi mai kyau ba ya mayar da haske, duk inda ka ga ƙyalli nan ya dakushe ko ya lanƙwashe.

Babban bambancin tsohuwa da sabuwa a nan yake fitowa. A da kamfanin yana tallar wuƙarsa da hoton guduma tana buga ta cikin ƙusa, don haka ake barin kaifin da kauri, kusurwarsa gaba ɗaya daga digiri 35 zuwa 50. Wajen shekarar 2000 suka sauya zuwa tsarin da suka kira Edge2x, kusurwa ta koma digiri 26 zuwa 32, wato 13 zuwa 16 a kowane gefe. Ƙarfen bai canza ba a lokacin, sirantar da bakin kaɗai aka yi, amma yankan ya bambanta sosai. In ka samu ta 1990 da ta bayan 2000, ka yanka albasa da kowace. Tsohuwar tana tsaga ta, sabuwar tana ratsa ta.

Kada ka gwada kaifi da babban yatsa a tsaye, kuma kada ka gwada a kan ƙashi ko ƙusa don ka ga ko tallar gaskiya ce.

8. Wasawa

Shafa baƙar maka a bakin kaifin, gefe biyu. Jiƙa dutsen da ruwa ko mai, gwargwadon irinsa. Kwantar da ruwan wuƙar a kan fuska mai kaushi, ka ɗaga bayansa kamar rabin santimita daga dutsen, wannan zai ba ka kusan digiri 15. Ja sau uku ka duba. In makar ta goge a can sama ta bar baƙi a bakin, to kwanciyar ta yi yawa. In bakin kaɗai ya goge, to ɗagawar ta yi yawa. Kana samun ta goge gaba ɗaya, to ka riƙe hannunka a haka.

Ci gaba a gefe ɗaya har sai ka ji ɗan leɓen ƙarfe ya fito a ɗaya gefen, daga gindi har tsini, in ka shafa farce daga baya zuwa baki za ka ji yana kamawa. Juya ka yi wa ɗaya gefen haka. Koma fuska mai laushi, ka rage nauyin hannu, kana musanya gefe. A ƙarshe ka goga ta a bayan tsohon bel na fata, bayan wuƙar yana gaba, yadda wanzami yake yi wa aska. Wurin lanƙwasar ciki kusa da tsini shi ne mutane suke tsallakewa: ka ɗan ɗaga ƙotar yayin da kake isa wurin.

Gargaɗi mai girma: kada ka kai ta wurin masu washi da inji a kasuwa, musamman a cunkoson jajiberin Sallah. Dutsen inji yana zafafa bakin cikin daƙiƙa kaɗan, kana ganin ya yi shuɗi-shuɗi to taurin da aka sha wahala aka ba shi ya tafi, kuma washi ba ya dawo da shi sai an cinye wurin duka. In mai 440C ce kuma dutsen gida ya gaza, nemi dutse mai fuskar daimon. In kuma ɗigo uku ce ko wadda ta girme ta, kuma bakinta na masana'anta yana nan, kada ka wasa ta sam.

9. Ajiya a yanayinmu

Kada ka ajiye ta cikin kubenta na fata na tsawon watanni. Sinadarin jima da laimar damina suna haɗuwa da tagulla su haifar da wani koren danƙo, za ka zaro ta ka ga ya taru a gefen ƙusoshi da bakin kube, yana manne wa yatsa. Tsumma da ɗan mai suna cire shi, amma in ya daɗe yana barin tabo. Naɗe ta a tsumma, kube a gefe.

Hunturu kuma ice yake yi wa illa. Busasshiyar iska tana sa eboni ya ja baya ko ya tsage a wajen ƙusa. Shafa masa mai kaɗan a farkon sanyi, kuma kada ka bar ta a mota cikin rana. In za ta taɓa nama, bar man keke, ka nemi farin man nan mara ƙamshi da ake sayarwa a kemis don sha. Man gyaɗa yana daskarewa a mahaɗa ya yi danƙo. Bayan fiɗa ka wanke jini da kitse a ranar.

Goge tagulla da man goge ƙarfe na Brasso ya halatta ga wuƙar aiki. Ga tsohuwar ajiya kuwa, dusashewar launin nan tana cikin abin da mai saye yake nema, in ka mayar da ita tana walƙiya ka rage mata kuɗi da hannunka.

10. Saye da kawowa

A shekarun baya sabuwar 110 ta gama-gari ta kai wajen dala 60 zuwa 80 a Amurka, da kubenta. Duk wanda ya yi maka tayin "sabuwa dal" a kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, ka koma mataki na 3. Tsofaffi ba su da tsayayyen farashi: shekara, yawan washin da ruwan ya sha, da kasancewar kube da kwalin asali su ne suke ɗaga shi ko su sauke shi. In daga nesa za ka saya, ka nemi hoton hatimi, hoton bayanta tana buɗe, hoton tsini tana rufe, da hoton ruwan kusa da rula. Mai kaya da ya ƙi turo waɗannan huɗun, bar masa kayansa.

Kamfanin yana da garantin har abada kan aibin ƙira, amma bai shafi tsinin da aka karya wajen ɓamɓare abu ba, kuma aikawa daga nan zuwa Idaho da dawowa zai iya fin kuɗin wuƙar. Don haka wanda zai sayo maka ya buɗe kwalin a shago, ya yi mataki na 5 da na 6 kafin ya biya, domin ko a sababbi akan samu wadda ta kuɓuce wa masu dubawa.

Ya sa ta a babbar jakar da ake aunawa, ba ta hannu ba, in ba haka ba a filin jirgi za ta tsaya. Ka ce masa 110 ta gama-gari, ba 110 Auto mai buɗewa da maɓalli ba, wadda dokokin ƙasashe da yawa suka taƙaita. Kuma in don layya kake so, ka sani cewa ruwa mai santimita 9.5 ya yi gajarta ga yankan rago, wannan aikin doguwar wuƙar mahauta ne. Ita 110 ta fiɗa ce da gyaran nama, kuma tsininta siriri ne, kada a sa shi a gaɓa a murɗa.